Jif Ɗin da Nas Ta Zaɓa

Ƙarfe bakwai na safe aka kawo rahoton an sace jif a wurin sayar da motoci na hannu. Kafin takwas har an jefa tsohon maigadin wurin a bayan kanta. Ogan ofishin 'yan sanda ya ce ƙarfe biyu za a miƙa shi kotu.

Sufeto ya kasa zama. Ya ɗauki hula ya ajiye, ya sake ɗauka. Tsohon da ko ƙofar mota sai an nuna masa yadda ake buɗewa, wai shi ne ɓarawon jif! Abin ya tsaya masa a rai.

"Baba, kana ina aka fita da ita?"

"Na zaga bayi, ɗana. Cikina ne ya murɗa. Ina dawowa na tarar da get a wangale."

A wurin motocin, dillali na ta safa da marwa da waya biyu a hannu.

"Wa ke da makulli?" in ji Sufeto.

"Ni kaɗai, yallaɓai. Ga shi."

"Wa ya taɓa tuƙa ta?"

"Babu kowa."

"Mota ta hannu, a saye ta ba a ɗana ba? Ni za ka yi wa dillanci?"

Dillali ya sosa ƙeya. "To, jiya wata nas ta zo da bakanikenta. Shi kaɗai ya fita gwajin motar, ya kai awa guda. Amma motar ba za ta yi nisa ba. Na sa mata wani maɓalli a ɓoye, in ba a danna ba tana ɗan tafiya za ta mutu. Jiya ni na danna masa bai gani ba."

"Kada ka ƙara faɗa wa kowa wannan."

Sha ɗaya saura Saje ya bugo waya. An ga jif ɗin a gefen titi bayan masana'antar katako.

Sufeto ya zagaya ta sau biyu. An kara dutse a bayan taya. An cire kan batir an naɗe shi da tsumma. A kujerar direba kuwa an shimfiɗa tsohuwar jarida, da shatin baƙin mai a kanta.

"Saje, ka taɓa ganin ɓarawon da ke tausayin kujera?"

"Ban taɓa ba, yallaɓai."

Ƙarfe ɗaya da kwata nas ta iso ofis tare da bakaniken, wanda ƙanin mijinta ne. Idonta ya yi ja.

"Wata uku ina yawon neman mota," in ji ta. "Yara huɗu gare ni, ga surukata da ƙafa ta ƙi. Wannan ce ta ɗauke mu duka, ba ta shan mai, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai. Yau zan zo in ɗauka."

"Kai me ka gani da ka gwada ta?"

Bakanike ya taɓe baki. "Na gaya wa Anti kada ta saya. Akwala ce, mai take zuƙa kamar rariya. Ta ƙi ji."

Sufeto ya dubi agogo, ya miƙe ya jingina da tebur.

"Ashe gaskiyarka. Mun same ta a hanya, mai ya ƙare mata ƙaf. Ko kilomita uku ba ta yi ba. Malama, ki gode wa ɓarawo, ya raba ki da wahala. Injin nan ya gama yawo, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan."

Wuyan bakanike ya kumbura. Ya kasa daurewa.

"Haba yallaɓai, wane irin ya gama yawo! Injin da ko ɗigon mai ba ya zubarwa? Ba mai ne ya ƙare ba. Galan guda na zuba mata, ya isa ya kai ta..."

Nas ta juyo a hankali ta dube shi.

"Ya kai ta ina?" in ji Sufeto.

Bakanike ya zube a benci. Ya ce jiya da ya fita gwaji ya biya aka yanka masa makulli. Shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, bai taɓa ganin lafiyayya kamar wannan ba, shi kuwa ko keke ba shi da shi. Ya kushe ta don Anti ta haƙura, sai ta ƙi.

"Kai na ɗauko don na yarda da kai," in ji ta. "Mahaifiyarka zan riƙa kaiwa asibiti a cikinta."

Saje ya sa masa ankwa. A bakin ƙofa bakanike ya waiwayo.

"Anti, ki sa a canza mata birkin gaba kafin ki ɗauki yara."

An buɗe ɗakin bayan kanta, tsohon maigadi ya fito ba takalmi yana ƙifta ido. Nas ta matsa ta riƙe masa hannu.

"'Yata," in ji shi, "an dai samo miki motar?"