Birkin da 'Yan Kallo Suka Raba

Kafin mota mai lamba tara ta kai kwanar Gadar Sama, tuni na'urar Kasafau ta raba ƙarfin birki: kashi hamsin da takwas cikin ɗari ga tayoyin gaba, sauran ga na baya. Motar ta sha kwana sumul. 'Yan kallon filin tsere na Sabuwar Katsina ko tari ba su yi ba.

Injiniya Tasalla ce ta ƙera Kasafau, kuma ƙaninta Tanimu ne ke tuƙa lamba tara. Idan direba ya taka birki, nauyin mota gaba yake komawa, don haka gaba ke ɗaukar kaso mai tsoka. In aka cika wa gaba, mota ta ƙi juyawa. In aka cika wa baya, bayanta ya kwashe ta yi ta juyi. Kasafau kan auna zafin taya da santsin titi ta raba daidai. Tun da aka saka ta a motocin ba direban da ya yi ko ƙwarzane, abin takaici kuma tun lokacin kujerun filin suka fara zama wayam.

A zagaye na gaba Tasalla ta ga kason gaba ya sauko hamsin. Bayan motar ya yi wutsil-wutsil, fili ya ɗauki sowa, sai kason ya ƙara sauka. Ta bi wayoyin ɗakin sarrafawa ta tarar da wata sabuwa, an jona ta da na'urorin ɗaukar sautin 'yan kallo. Ashe an sauya wa Kasafau aiki, yanzu ihu take farauta.

Ta juya ga mai filin, Alhaji Shekarau, wanda ya harɗe yana ɓare gyaɗa.

"Ranka ya daɗe, wa ya yi wannan ƙazantar? A tsayar da tseren!"

"Haba Injiniya, mutane ba kallon zaman lafiya suka zo ba. Saurara ki ji fili."

Ba a iya kashe na'urar sai daga cikin mota. Ta fizgi rediyo.

"Tanimu, kashe Kasafau, ka mayar da birki gaba da hannunka. Yanzu!"

"Yaya, kina jin yadda suke kiran sunana kuwa? Ban taɓa jin haka ba wallahi."

"Ba kai suke so ba, jininka suke jira!"

"Zagaye ɗaya kawai, Yaya."

Kason gaba ya sauko arba'in da ɗaya. A Gadar Sama tayoyin baya suka ƙame, motar ta juya sau biyu ta maku da katanga. Filin ya kece da ihun da bai taɓa yin irinsa ba. Manya da furfurarsu suka haye kujeru suna ɗaukar hoto, har da mai ɗaga ɗansa sama don ya gani da kyau. Tir da wannan kallo.

Tasalla na jin numfashin ƙaninta a rediyo, yana cewa ba ya jin ƙafafunsa, lokacin da allon gabanta ya yi kore. Rubutu ya fito: wannan ne rabo mafi nasara, an aika wa sauran motoci.

Ta ɗaga kai. Ga su can a jere, sun miƙo Gadar Sama da gudu.