Saƙon da Ya Hau Allon Shago

Ranar da ya je haɗa wa wani mai shagon yadi manhajar ciniki ya fara ganinta, tana bayan kanta tana gyara zaman gilashin idonta. Yana yin sallama ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, yadi za ka saya ko kallo?" ta ce, tana danne dariya.

Tun daga nan yake kiranta Gilashi, ita kuma ta laƙaba masa Danna-danna. Da yaren kwamfuta na JavaScript yake aiki, kuma abin taƙamarsa shi ne rubutu ɗaya yake yi ya hau shafin intanet, ya hau wayoyin masu sayayya, har allon talla na bangon shagon.

So ya kama su sosai. Sai dai Baba, mahaifinta mai shagon, ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da ko gaisuwa sai an zaƙulo ta daga bakinsa ba. Gaskiyar Baba, yaron akwai nauyin baki.

Wata safiya yana gwada sabon gurbin sanarwa, sai ya cike shi da abin da ke cin ransa, don kawai ya ga ko haruffan za su zauna daidai: "Gilashina, ina sonki. Kwarjinin Baba ne ya ɗaure mini baki, amma in ba ke ba, na haƙura da aure." Ya manta bai goge ba, ya tura aikin.

Can sai ga saƙonta: "Danna-danna, ka kashe ni! Rubutunka yana kan allo, yana wayar kowa. Mata sun cika shago suna karantawa."

Da gudu ya iso. Baba na tsaye gaban allon, hannuwa a baya.

"Baba, a yi haƙuri, kuskure ne. Yanzu zan goge."

"Wanne ne kuskuren? Maganar ko fitowarta?"

Danna-danna ya hango Gilashi a bayan kanta, idanunta sun kawo ruwa. Sai ya ɗaga kai.

"Fitowarta, Baba. Maganar kam har zuciyata."

Baba ya dube shi.

"To, kar ka goge. Turo manyanka su zo su karanta."

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙo hannunsa gam.

"Ita kaɗai gare ni, ɗana. Allah Ya yi muku albarka."

"Amin, Baba," ya amsa da ƙarfi, har na bayan taro suka ji.