Memorin Motar Lucien

"An ce duk garin New Iberia ke kaɗai ce kika iya wannan aikin."

Ban ɗago kai ba, don na san muryar. Miss Verna ce, mahaifiyar Lucien, matar da ta rantse gawarta ce kawai za ta halarci aurena da ɗanta, wai bazawara ba ta shiga coci da farar riga. Yau kwana goma sha tara da binne shi, ga ta tsaye a shagona.

Ta kwance wani hankici a kan teburin shagon. Memori ne ƙarami, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

"Na kamarar da ke gilashin motarsa ne. 'Yan sanda suka ba ni."

Na ƙura wa memorin ido.

Motar rake Lucien yake ja. Kwana uku kafin hatsarin muka yi faɗa a kan uwarsa, na cire zobensa na wurga masa a ƙirji. Ran Talata da safe hazo ya rufe gada, motar ta kife. A wurin jana'iza Kaylee Domingue, 'yar mawaƙan coci da Miss Verna take so ya aura, ta dinga kuka tana gaya wa kowa wai ya kira ta da safen, ya ce ya gama da ni, wurinta zai dawo. Tun ranar barcin kirki ya ƙaurace mini. Da fushina ya mutu, ko da sona?

"Wa ya taɓa memorin?" na tambaya.

"Kaylee. Ta sa a kwamfutarta, aka tambaye ta ko a gyara, ta danna eh."

"Ta danna eh! Sau nawa?"

"Oho, yarinya, ni ina na sani? Taimako ta yi."

Taimako! Yarinyar da ta yi shekara biyu tana aiki a kantin waya ce ba ta san abin da wannan dannawar take yi ba? Na haɗiye maganar da ƙyar.

"Ki saurara, Miss Verna. Bidiyoyin suna ciki, amma abin da ke nuna inda kowanne yake ya lalace. Kuma memorin kansa mutuwa yake yi. Duk karantawa ɗaya tana rage masa kwana. Sai na kwafe shi gaba ɗaya tukuna, kafin a buɗe komai."

"Kamarar tana ɗaukar magana?"

"Tana ɗauka."

Ta ninke hankicin.

"Maganar kaɗai nake so. Kin san shi da waya, ba ya barin saƙon murya. Ba ni da muryarsa ko ta daƙiƙa ɗaya, Noelie. Zan dawo ƙarfe huɗu."

Karon farko ke nan da ta kira sunana.

Na sa memorin, na fara kwafa. Shekara takwas ina wannan sana'a, kuma doka ɗaya nake yi wa kowa wa'azi da ita har an gaji da ni: a kwafa tukuna, a kalla daga baya. Aikin yana tafiya yana tsayawa. Memorin ya yi zafi, na kunna masa ƙaramar fanka. Da tsakar rana ko rabi bai kai ba.

Sai na hango shi a allon, can ƙasan jeri. Bidiyo na ƙarshe. Talata, ƙarfe shida da minti goma na safe.

Wallahi na san abin da ya kamata. In ma gaggawa nake, shi kaɗai zan fara kwafewa, minti biyu ya isa. Amma hannuna ya riga hankalina. Na tsayar da kwafar, na buɗe shi kai tsaye daga memorin.

Hazo, da fitilun hanya. Sai tari, sai ƙarar takardar da ake naɗe tsiran boudin, wanda ba ya fita aiki sai ya saya.

"Noelie, masoyiyata, ki saurare ni... A'a, za ta ce daɗin baki ne."

Na toshe bakina da hannu.

"Noelie, zobenki yana aljihuna, kuma yana sukana a cinya. Ki karɓi abinki. Kai, wannan ma bai yi ba!"

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta hanci.

"In na sauke raken nan zan zo. Ko a kotu ne a ɗaura auren. Mama za ta huce, na san ta. Bakin ne kawai, amma duk garin nan babu mai zuciya irin ta tsohuwata. Ranar da ta ɗanɗana miyarki, shi ke nan, ta..."

Hoton ya daskare. Allon ya yi baƙi.

Na cire, na mayar. Shiru. Na canja na'ura, na gwada wata kwamfutar, na roƙi Allah da duk addu'ar da na iya. Memorin ya mutu murus. Abin da na kwafa kuwa tsofaffin tafiye-tafiye ne, hanya da ƙarar inji, ko tarinsa babu.

Na sami amsata. Da sona ya mutu. Amma ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan rana ba.

Ƙarfe huɗu daidai ta shigo, ta sa rigar zuwa coci, har da kwalliya.

"An samu?"

Na so in yi ƙarya, in ɗora wa Kaylee. Wa zai sani? Amma na kasa.

"An samu, Miss Verna. Ni na kashe memorin. Na kasa haƙuri, na buɗe kafin in kwafa. Na ji muryarsa sau ɗaya, ya mutu a hannuna."

Ta matso gabana. Na jira mari.

"Ke kin ji. Ni da na haife shi ban ji ba."

"Ki yafe mini..."

"Me ya ce?"

Na gaya mata, tun daga zoben. Ban yi zaton za ta yarda ba, don ba ni da shaida. Da na zo kan "bakin ne kawai", sai ta dafa teburin ta zauna a kujerar masu jira.

"Haka yake ce mini tun yana yaro," ta ce, hawaye na wanke kwalliyar. "Ba ki da inda za ki ji wannan. Maimaita, 'yata. A hankali, yadda ya faɗa."

Yanzu wata bakwai ke nan. Duk Lahadi bayan coci takan biyo gidana, in zuba mata abinci, in maimaita mata. Lahadin da ta wuce ina cikin faɗa ta tsayar da ni, ta ce wancan makon "tsohuwar nan" na ce, ba "tsohuwata" ba.

Na rufe ido, na nemi muryarsa don in tabbatar.

Tawa kawai na ji.