Buhun Ƙasar Sunke

Tun da Insifekta Hayatu ya ga motar soja ta tsaya a ƙofar caji ofis na Anka, ransa ya ba shi yau ba za a kwashe lafiya ba.

Kanar Elisha ne ya sauko. Yana cikin manyan hafsoshi da daraktocin gwamnati masu kwas ɗin shugabanci a wata kwalejin tsaro, an turo su rangadin nazari. Bincikensa a kan haƙar zinari ne, shi ya sa jiya ya ɗebo buhun tsakuwa daga wani tsohon rami a ƙauyen Sunke, inda dalma ta taɓa kashe yara da yawa, zai kai a auna gubar dalmar da ke ciki. Da safe buhun ya ɓace daga masauki.

Kanar ya yi ta nanata cewa in babu awon, malamansa ba za su karɓi aikinsa ba. Hayatu kuwa yara yake tunani. Ya san duk wanda ya ga soja da rakiya ya ɗauko ƙasar Sunke, zinari zai zata, kuma a turmin gida zai daka ta.

"Ranka ya daɗe, ina ka ajiye shi?"

"A ɗakina, a kulle."

Da suka isa masaukin, Hayatu ya duba ƙofar. Ko ƙwarzane babu. Ya nemi Madam Gladys, wata darakta abokiyar karatun Kanar. Ta taɓe baki, ta ce a baranda buhun ya kwana, don Kanar ya ce ba zai haɗa ɗaki da guba ba.

Hayatu ya dafe kai. Mutum yana karatun tsare ƙasa, ya bar guba a waje!

Ya kira mai gadin masaukin, Musbahu, wanda ya rantse bai motsa daga bakin ƙofa ba.

"To wannan jan ƙasar a kafaɗarka fa?"

"Yallaɓai, gini ni kai jiya."

"Jiya da wannan rigar? Wankakkiya ce."

Hayatu ya tura Musbahu cikin motar sojan, suka nufi gidansa tare da Kanar da wani kofur ɗin 'yan sanda. Tun daga zaure suka jiyo daka, amma ba amon gero ba ne, taɓarya ce ke dukan dutse.

Larai, matar Musbahu, tana tsakar gida, jar ƙura ta rufe mata gira. 'Yarsu Hidaya na zaune a gindin turmin, tana tsotsar yatsa.

Hayatu ya sunkuce yarinyar ya fita da ita, ya daka wa uwar tsawa ta ajiye taɓaryar.

Musbahu ya durƙusa. "Ni ni ɗauka, yallaɓai. Cewa ni yi babban soja ba ya wahala a kan ƙasar banza."

"Kai da ka ga jana'izar yaran Sunke da idonka?"

Kanar ya matso yana tambayar ko sauran tsakuwar za ta isa awo. Hayatu bai ko kalle shi ba. Ya ce wa kofur ya sa wa Musbahu ankwa, direban soja kuma ya juya motar zuwa asibiti, ko Kanar ya so ko bai so ba.

An ɗebi jinin Hidaya kafin azahar. Har yanzu ba wanda ya san yawan ƙurar da ta haɗiya.