Taƙi Ɗaya a Kusurwar Tanti

Gab da magariba wani mai zuma ya je karɓar tantinsa a rumfar Baba Basilla, tsohon da ke ɗinkin tamfol. Rumfar na warin roba da man keken ɗinki. Komai ya fito yadda ya zaɓa: bango har kafaɗa, tagogi biyu da ragar sauro, ƙofa mai zif. Shimfiɗar ƙasa ce suka daɗe suna ja a kanta. Baba ya ce katako ko tabarma. Shi ya ce atafau sai tamfol mai kauri, a ɗinke shi da bango kewaye, don a tanti marar shimfiɗa maciji ya kashe ƙanensa bara. Bana kuma da 'yarsa mai shekara biyar zai tafi dajin amya, uwarta ta haihu, hannu ya yi mata yawa.

Yana bin ɗinkin da yatsa sai yatsan ya zurma. A kusurwar hagu an bar taƙi ɗaya ba ɗinki.

"Haba Baba! Zare ne ya ƙare?"

Tsohon bai ɗago ba. Ya rage murya. "Ɗana, ƙasar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Akwai masu wucewa da magariba. In sun shigo ta ƙofa, ta nan suke sauka. Shekara arba'in ban taɓa rufe ta ba."

Mai zuma ya ce to, a ransa kuwa ya ce tsufa ne. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, amma wa zai ga laifinsa, shi da ya wanke gawar ƙanensa da hannunsa? Yana isa gida ya ɗauko basilla da zaren roba ya ɗinke wurin tsaf. Ɗinki goma sha tara, yana ƙirgawa.

Kwana biyu bayan nan ya kafa tantin a gefen amyoyinsa. Rana na shirin faɗuwa. Ya zaunar da 'yar tasa, wadda ake kira 'Yar Baba, a ciki da kofin zuma, ya bar ƙofa a buɗe yana hura hayaƙi a waje. Wata iska mai sanyi ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, tana warin rijiyar da aka daina ɗiba. Kafin ƙudan zuma su shiga, ya sa hannu ya ja zif.

Ƙudan suka yi tsit. Gaba ɗayansu.

Daga cikin tantin ya jiyo wata ƙara. Ƙar, ƙar, ƙar. Farce a kan tamfol, a kusurwar hagu.

"Baba," yarinyar ta raɗa, "wani yana neman ƙofa."

Ya fizgi zif ɗin. Ya ƙi motsi. Bangon tantin ya kumburo ya make shi a ƙirji, ya faɗa kan amya, haƙoransa suka datse harshensa. Ya tashi yana tofar da jini. Turaku biyu suka tumɓuke, igiya ta tsarge shi a fuska.

Ya leƙa ta ragar taga.

'Yar Baba na durƙushe a kusurwar. Wuyanta a lanƙwashe, kamar an danne ƙeyarta. Hannayenta na yagar ɗinkin da ƙarfin da ba nata ba. Farce ɗaya ya cire. Na biyu. Aka ɗaga ta, aka buga goshinta a wurin. Aka sake ɗagawa.

"Ku bar ta! Ni na ɗinke! Wallahi ni ne!"

Ya zaro wuƙar yankan saƙar zuma ya farke ragar, ya cusa kansa ciki. Sanyi kamar cikin randa. Wani abu ya damƙi hannunsa na dama ya murɗe, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Zafi ya ratsa yatsunsa, tsik, tsik, tsik. Ya yi ihu, ya ja jiki da gwiwa, wuƙar a hagu.

Aka ɗaga yarinyar karo na uku.

Ya caka wuƙar a kusurwar ya ja.

Iskar ta bi ta tsagar da ƙara, ta shige ƙasa. Yarinyar ta faɗo a bayansa. Tana numfashi.

A waje ƙudan suka ci gaba da kuka.

'Yar Baba ta warke, sai tabo a goshi, kuma har yau ba ta zama a ɗakin da aka rufe ƙofarsa. Shi kuwa washegari, kafin asibiti, rumfar Baba Basilla ya fara zuwa, yana kuka kamar yaro. Tsohon ya warware tsumman da ke hannun mai zuma. Yatsu huɗu a haɗe, an ɗinke su da zaren roba ta cikin nama, ɗinki mai kyau, a jere.

Baba ya ɗauko almakashi yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ɗinki nawa ka yi wa kusurwar, ɗana?"

Mai zuma na ƙirgawa a ransa. Almakashin ya tsaya a na goma sha tara.