Yatsu Biyar na Malamar Aji Uku

Ranar da ya fara ganinta, hannunta na sama, yatsu biyar a buɗe, yara arba'in da biyu sun zuba mata ido. Shi sabon malamin aji huɗu ne, aron alli ya zo, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya manta da abin da ya kawo shi.

Taƙaita labari take koya musu. Babban yatsa, wane ne? Manuniya, me yake so? Na tsakiya, me ya hana shi? Na huɗu, me ya yi? Ƙaramin, yaya aka ƙare? Dokarta kuma guda ce, kowane yaro ya haddace ta: ba a taƙaita labarin da ba a karanta har ƙarshe ba.

Da aka tashi ya tare ta ya ce dabarar ta burge shi. Minti ashirin ya yi yana faɗin wannan magana ɗaya. Tun ranar ta sa masa suna Dogon Zance, shi kuma yake kiranta Gajeriyata, alhali ta ɗan fi shi tsawo.

Kafin ƙarshen zango sun shaƙu. Saƙonsa sai ta ja allon waya sau uku kafin ta kai ƙarshe, amsarta kuwa ba ta wuce, "Ni ma, Dogon Zancena." Amma ba ta taɓa goge ko ɗaya ba.

Matsalar daga mahaifinta ta ɓullo. Mai gyaran agogo ne, ya tsani a ɓata masa lokaci. Malamin ya je shagonsa don ya gabatar da kansa, tsoro ya kama shi, ya faro daga tarihin kakansa. Agogunan bango suka buga uku, suka buga huɗu, bai kai ga sunan yarinyar ba. Da yamma Baba ya ce wa 'yarsa, "Wanda ya kasa faɗin abin da yake so, ban ga yadda zai iya riƙe shi ba." Da ƙyar mahaifiyarta ta roƙa masa dama ɗaya, ƙarshen wata. In ya sake, an rufe maganar.

A wannan tsakanin ne Dogon Zance ya daina leƙo ajinta lokacin tara.

Rana ta uku ta bi sawunsa. Ta tagar aji shida ta hango shi tsaye gaban sabuwar malama, wata mai yawan fara'a da turaren da ke riga ta shiga ofis. Hannunsa na sama, yatsu biyar a buɗe, yana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa tana zaune a kan tebur da waya a hannu, tana dariya har da riƙe ciki.

Kishi ya turnuƙe ta. Da hira kawai ta same su, da sauƙi. Amma yatsunta! Dabarar da ta yi shekara uku tana gyarawa, wadda ta haɗa su, ita ya ɗauka ya kai wa wata. Ranar yaran aji uku sun sha jan biro ba da laifinsu ba, har wata mai wushirya ta tambaye ta ko kanta ke ciwo.

Kullum sai ta ce ba za ta sake bi ta gaban tagar ba, kullum sai ƙafarta ta kai ta. In sabuwar malamar ta gaishe ta, amsar da ƙyar take fita. Da abin ya ishe ta, tana komawa gida ta tura masa:

"Wane ne? Kai. Me kake so? Malamar aji shida. Me ya hana? Ni. Me ka yi? Ka kwashi yatsuna ka kai mata. Yaya aka ƙare? Na ba ku wuri."

Ta zauna jiran shafi uku na rantsuwa. Abin da ya shigo layi biyu ne:

"Gajeriyata, ba ki karanta har ƙarshe ba. Gobe ƙarfe huɗu, shagon Baba."

Gajartar saƙon ma sai ta ƙara mata haushi. Wa ya koya masa?

Ta rantse ba za ta je ba. Huɗu saura kwata tana bayan labulen shagon, wai fulas ɗin shayi ta kawo wa Baba.

Ya shigo gumi na bin wuyansa, ya durƙusa ya gaida Baba, sannan ya ɗaga hannu, yatsu biyar a buɗe.

"Baba, ni malamin aji huɗu ne. 'Yarka nake so da aure. Surutuna ne ya hana. Na yi mako uku ina koyon rage shi, wata abokiyar aikinmu tana duba mini lokaci a waya. Ƙarshen kuma yana hannunka."

Baba ya cire gilashin gyaransa, ya dubi agogon hannunsa. "Sakan goma sha tara," ya ce. "Turo manyanka."

A bayan labule kunya ta rufe ta. Dokar da take dukan tebur a kanta, ita ce ta fara karya ta. A waje ya gaya mata nauyinta yake ji, shi ya sa bai yi gwajin a gabanta ba. Ta sunkuyar da kai ta ba shi haƙuri, sannan ta ɗago.

"To, amma me ya sa take dariya haka?"

"Ranar farko minti goma sha huɗu na yi a kan babban yatsa kaɗai."

Ta so ta ƙi dariya, ta kasa.

Bayan hutun zango aka ɗaura auren. Malamar aji shida ta kawo musu agogon bango, amarya ta yi godiya sosai, ta rataye shi a bayan ƙofar kicin. Baba ya sa musu albarka, ya yi addu'ar Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya tagari, kuma mutane sun ce ranar shi ne ya ja zance.

Da baƙi suka watse, ango ya zauna gabanta ya ɗaga hannu zai fara ƙirga. Ta kama yatsun ta dunƙule su cikin tafinta.

"Yau ba taƙaitawa, Dogon Zancena. Faro mini daga kakanka."