Kaka Rayen da Ƙirgin Teku

A zamanin da, can ƙasar Mapuce, an yi wani mugun dodon teku mai kama da ƙirgin sa. Yakan shimfiɗe a bakin ruwa, duk wanda ya zauna kansa sai ya naɗe shi ya nutse.

Ran nan Kaka Rayen ta iso a gajiye.

"Zauna ki huta, Kaka," in ji ƙirgi.

Ita ba maganarsa ce ta dame ta ba, dauɗarsa ce.

"Sai na kakkaɓe!" Ta yi ta jibgarsa da sanda.

"To, zauna ki huta, Kaka."

"Sai na goge!" Ta dirje shi da reshen ƙaya.

Dodo ya kurma ihu, ya faɗa teku.

"Dawo nan, ƙazami!" in ji Kaka. "Saura bayanka!"